Amanar Gidan Lalle

Terver ya ɗaga murfin akwatin gilashin, ya tokare shi da tsinken tsintsiya, ya ɗauki hularsa ya tafi coci. Ko cikin akwatin bai leƙa ba. Dama tun da abin ya shigo gidan bai taɓa yarda sun haɗa ido ba.

Abin nan kuwa mesa ce 'yar ƙarama, ta 'yarsa Msurshima, wadda ta gama karatun dabbobi a jami'ar Gashuwa ta dawo gida da maciji, lokacin da 'ya'yan mutane ke dawowa da miji. Lalle take kiranta, wai zanen bayanta kamar ƙunshin amarya. Ta yi wata da watanni tana gina mata sabon gida a cikin akwatin gilashin. Ta ɗebo yashi da laka daga bakin kogi, ta kwantar da kututture mai kogo, ta binne kaskon ruwa har baki, ta dasa ciyawar fadama, ta watsa busasshen ganye. Ta ce gida mai kyau shi ne wanda za ka tsaya a gabansa ka rasa inda macijin yake.

Da za ta tafi sansanin 'yan bautar ƙasa, aiki ɗaya ta bar masa: yayyafin ruwa safe da yamma ta ragar murfi. "Kada ka buɗe, Baba. Danshin ake so ya zauna."

Shi kuwa ya taɓa rantse mata cewa ranar da ta juya baya, Lalle a kogi za ta kwana. Ita ma ta rantse, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa ranar ce za ta nemi aiki a garin da mota ba ta zuwa. Ita kaɗai ta rage masa a gida. Amma maƙwabciyarsu Hajja ta dame shi da ƙirgar 'yan tsakinta a gaban ƙofarsa, abokansa sun daina shigowa shan shayi, shi ma barcinsa ya koma na zomo. Sai ya yi wa kansa fatawa: ai buɗe murfi ba jefawa a kogi ba ne.

Wa'azin ranar a kan amana aka yi shi. Terver bai jira addu'ar rufewa ba.

Ya iske komai yadda ya bar shi, tsinken ma bai goce ba. Ya haska kogon da tocila, wayam. Ya tona ganyen da muciya. Ya duba ƙarƙashin gado, bayan randa, cikin buhun barkono, har takalmansa ya zazzage. Ko sawu babu a kan yashin. Ya ce a ransa, shegiya, har tafiyar ma ta iya.

Daga nan tuwo ya daina wucewa. In Msurshima ta bugo waya ta tambayi ciyawarta, sai ya ce ta yi kore shar, ya yi maza ya kawo zancen tsadar shinkafa. Ya ci gaba da yayyafa wa akwatin ruwa kamar mai ban-ruwa a kabari.

Da dawowarta ta matso, ya hau mota zuwa Nguru, ya ratsa kasuwar kifi yana tambaya ƙasa-ƙasa har aka nuna masa wani gardi mai wasa da macizai, ana ce masa Kalli. Ya miƙa masa hoton Lalle da ya ciro daga bangon ɗakinta.

Kalli ya duba hoton, ya dube shi. "Yallaɓai, magani za a haɗa ko kishiya za a tsorata?"

"'Yata ce ke kiwo."

"To, Allah ya shirya mana zuri'a."

Gardin ya zaro wata mesa daga kwando. Ta ɗan fi ta hoton kauri, zanen ma ya fi duhu, amma Kalli ya ce maciji in ya yi saɓa ko uwarsa ba ta shaida shi. Mutumin da bai taɓa yarda ya kalli maciji ba, ga shi ya rungumo buhu a cinya tun daga Nguru har gidansa a Gashuwa, buhun na motsi, shi yana wa fasinjoji murmushi yana cewa tarwaɗa ce.

Ya juye ta a akwatin, ya danne murfin da turmi. Ya gyara ciyawar da ya tattake, ya share yashin da bayan cokali. Har ɓera ya sa mata tarko ya kamo. Ranar ya ci tuwo malmala biyu.

Msurshima ta iso da yamma, ta rungume shi, ta wuce kai tsaye wurin akwatin. Ta ga ciyawa ta yi tsiro, laka ta kwanta. "Baba, na san ba ka son abin nan, amma dubi yadda ka riƙe min shi." Terver ya sunkuyar da kai, maganar ta fi mari zafi.

Sai ga kai ya leƙo daga kogon, jiki ya biyo baya a hankali, ya naɗe a kan kututturen.

"Ga ta nan," in ji Terver da sauri. "Ta ɗan yi ƙiba. Kulawa ce."

Msurshima ta daɗe tana kallon macijin. Sannan ta juyo ta kalli mahaifinta, kallon da ya fi na farkon daɗewa.

"Baba, ba a sa maciji a sabon gida sai ciyawa ta kama. Lalle tana wurin ƙawata Rumaisa tun kafin in tafi. Akwatin nan fanko na bar maka shi."