Ɗan Maginin Asusu

Ka ce kai ba ka sakar wa yaro kuɗi a hannu, ajiye masa kake yi. To, na san wani maginin tukwane da ya riga ka wannan dabara, kuma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Ɗansa ɗaya tilo. Duk ranar kasuwa yakan ba yaron ɗan abin kashewa, amma kafin kuɗin ya ji ɗumin tafinsa sai ya kama hannun, ya kai shi bakin asusun da ya gina masa, ya ce saka. Ka dai san asusu, ana zubawa ba a ɗiba, in kana son abin da ke ciki sai ka fasa. Uwar yaron ta yi magana har ta gaji. Ta ce a bar shi ya sayi ƙuli-ƙuli da kansa, a cuce shi a canji ya yi kuka, ya ƙarar da na mako a yini guda ya zauna yana haɗiyar yawu. Magini ya ce shi ɗansa ba zai koyi almubazzaranci ba. Sai jajibirin salla a fasa asusun, a kashe abin da ke ciki kaf, kashegari uban ya gina sabo. Haka yaron ya tashi har ya yi gemu, abu biyu kawai ya iya da dukiya, tarawa da fasawa.

Da tsufa ya zo, hannun magini ya soma rawa, yumɓu ya daina yi masa biyayya. Ba sauran abin dogaro sai rumbun gero a bayan ɗaki, wanda in ana ɗibar awo kaɗan-kaɗan zai kai gidan har kaka. Ya damƙa wa ɗan. Ba a jima ba uwar ta kwanta ciwo, aka nemi kuɗin magani, abin da dami ɗaya ko biyu zai biya. Ɗan nan ba mugu ba ne, ba ya caca, ba ya shaye-shaye. Abin da ya saba ya yi: ya kira 'yan sari, ya fasa rumbun, ya sayar da geron gaba ɗaya. Ya sayi magani, ya yi wa kowa ɗinki, aka ci nama har maƙwabta suka shaida. Kafin ruwan farko ya sauka, tukunya ta daina hawa murhu. Na shiga gidan na tarar da tsohon a kan tabarma, ya jera tsingaro a ƙasa, yana nuna wa ƙato mai 'ya'ya yadda ake cewa wannan na yau, wannan na gobe, wannan ba a taɓawa. Ɗan ya dube shi, ba da rashin kunya ba, ya ce, "Baba, to yanzu me ya rage da za a raba?" Jikokin tsohon kuwa na kukan yunwa a tsakar gida. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.