Muryar Mama a Cikin Ƙwarya

Na kara wa Mama ƙwaryar a kunne, sai ga muryarta daga ciki.

Kafin ciwon mantuwa ya kama ta, wata mai fasaha ta naɗi muryoyin tsofaffinmu, ta sa su cikin ƙorai, ta rataye a zauren baje koli na garin Livingstone. Wadda ka taɓa sai ta yi magana. Ta Mama tana faɗin yadda ruwan madatsar Kariba ya cinye ƙauyensu, ta goya ni ina jaririya ta hau tudu.

Mama ta saurara tana hawaye. Na ce a raina, yau kam ta tuna.

Ta riƙo hannuna. "Baiwar Allah, jaririyar ta rayu kuwa?"

"Ta rayu, Mama."

"To me ya hana ta zuwa duba uwarta?"