Gonar da Kogi Ya Kawo

Duk shekara gonar Mai Albasa ƙara faɗi take yi, alhali ko taku ɗaya bai saya ba. Tana cikin kwanar kogi, inda ruwa ke lafawa ya sauke laka da yashi. A tsallake kuwa, inda ruwan ke dukan gaɓa da ƙarfi, gonar yayansa ce ke zaftarewa. Amma gogan naka cewa yake albarka ce ke bin sa.

Abin bai ishe shi ba. Da rani ya kafa turaku cikin ruwa, ya jera buhunan yashi, wai don laka ta ƙara taruwa. Ruwan ya matse, ya koma yana cin gaɓar yayan da gaske.

Yayan ya tsallako ya same shi yana ban ruwa.

"Ƙanena, don Allah cire buhunan nan. Mangwaro biyu na rasa a wata guda, saura kaɗan kogi ya shigo mini ɗaki."

"Haba Yaya, ni na ce ka gaji wancan ɓangaren? Ka je ka roƙi kogin mana."

Ko ɗago kai bai yi ba, marar kunyar. Kafin wata ya mutu yayan ya kwashe iyalinsa ya koma raɓe a gidan surukai. Mai Albasa kuwa ya gina rumbun bulo a kan sabuwar ƙasar, ya zuba amfanin shekara yana jiran albasa ta yi tsada. Kullum yana zagaya rumbun, hannu a baya, sai ka ce shi ya halicci wurin.

Yashin da ya tara ya cike bakin kwanar. Da ruwan damina ya sauko ya tarar hanya ta toshe, sai ya yanke ta tsakiyar gonar, ya haƙa wa kansa sabuwa. Da hantsi Mai Albasa yana tsaye, ruwa iya gwiwa, ya ga rumbun ya tsage, albasa tana bin kogi buhu-buhu.

Da ruwa ya janye, farin yashi ya binne abin da ya rage, ko ciyawa ba ta fito ba. Matarsa ta ce, "Maigida, me za mu ci bana?"

Jama'a, kogi ba ya ƙirƙirar ƙasa. Abin da ya ajiye maka, daga gaɓar wani ya gutsuro. In ka tare masa hanya don kwaɗayi, maƙwabcinka zai fara kuka, kai za ka ƙarasa.