Ba Mu da Hurumi

Kafinta ya iso ofishin Kwamitin Ɗaukaka Ƙara kan Kwangiloli tun ana share baranda, benci ɗaya a kafaɗa, fayil a hammata. Yau kwana tasa'in cif da aka ƙi karɓar aikinsa. Daga gobe, komai gaskiyarsa, doka ta rufe masa ƙofa.

Benci ɗari uku na 'yan makaranta ya yi wa gwamnati. Ranar da ya kai, wani ya leƙo ta taga ya ce ƙafafun sun gaza da inci ɗaya, Jami'in Kwangila ya ce a mayar. Ko abin awo ba a ɗauko ba. Ga su can jibge a bayan shago ƙarƙashin tamfol, gara ta fara ɗanɗanar na ƙasa. Duk abin da ya tara a shekara talatin na zarto da guduma yana cikin katakon nan.

Shi dai bai taɓa ganin Jami'in Kwangila ido da ido ba. Irin manyan nan ne da sai dai a ji an ce sun ce. Hulɗarsu ɗaya ce tak: makon da aka ba shi aikin, direba ya kawo kujera mai karyayyar ƙafar baya, wai Oga na fama da ciwon baya, ba ya iya zama a kan wata. Kafinta ya ajiye komai ya dasa mata sabuwar ƙafa da farin katako, don shi ke hannu, fenti bai ma kama shi sosai ba. Kyauta ya yi, kuma godiyar har yau tana hanya.

Ƙa'idar Kwamiti ba ta da wuyar faɗa. Ba sa duba ƙara sai da wasiƙar hukuncin ƙarshe, mai ɗauke da sa hannun Jami'in Kwangila. Wasiƙar kuwa an buga ta tuntuni, tana kwance a aljihun teburin sakatariyar jami'in, wurin sa hannu fari fat.

"Baba, an yi wa Oga ƙarin girma, ya tafi," in ji ta, tana gyaran farce. "Ba a kawo wani ba."

"Ina aka kai shi, 'yata?"

"Ni wa ke gaya mini?"

Da sintirinsa ya ishe ta, ta buɗe masa ofishin don ya gani da idonsa. Tebur ne kawai da kalandar da ba a juya ba, ko wurin zama babu.

Matarsa ce ta ce ya je wa Kwamitin haka nan, ai mutane ne, ba gumaka ba. Baiwar Allah, ta kyautata musu zato da yawa.

Sai da rana ta take aka kira shi. Mutum uku ne a bayan dogon tebur mai koren mayafi har ƙasa. Na dama yana gyangyaɗi, na hagu yana latsa waya. Na tsakiya shi ne sabon Shugaba, mai sheƙin goshi, ya jingina kamar wanda aka haifa a wurin.

"Ina wasiƙar hukunci?"

"Ranka ya daɗe, ba a sa mata hannu ba. Amma ga benci, ga abin awo, a gwada a gani."

"Malam, mu nan takarda muke aunawa, ba katako ba."

Daga nan Shugaba ya gyara murya ya shiga wa'azi. Ya ce sakacin wasu jami'ai abin kunya ne, shi kansa abin yana ci masa rai. Ya ce amma laifin har da na Kafinta, da bai matsa wa jami'in ba tun yana kan muƙaminsa. Doka ba ta san tausayi ba: babu wasiƙa, babu hukunci, kuma inda babu hukunci me za a ɗaukaka?

"Ba mu da hurumi," ya ce, ya zare alƙalami ya rattaba hannu a kan takardar kora. Ko minti ɗaya bai ɗauke shi ba. Ashe sa hannu ba wani aiki ne mai wuya ba.

Kafinta ya karɓi takardar ya cusa a fayil. Su ukun suka miƙe, Shugaba ya tura kujerarsa baya, suka fice ta ƙofar gefe suna zancen abincin rana.

Kafinta ya sunkuya zai saɓa bencinsa, sai idonsa ya faɗa kan kujerar da Shugaba ya tashi a kai. Ƙafafunta uku baƙaƙe ne, ta bayan kuwa farin katako ce, wanda har yau fenti bai kama shi sosai ba. Kujerar Oga mai ciwon baya ce.