Ƙamshin da Ya Riga Giya Fita

Ga ta nan, ga ta nanku, manya.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

A wani ƙauyen Maguzawa an yi wata mata wadda uwarta ta yi suna wajen dafa giyar dawa. Aure ya kai ta gari mai nisa, inda ba wanda ya san wannan. Da damina ta yi tsakiya, ciyawa ta fi ƙarfin mijinta, sai ya kira gayya. A can kuwa giya ita ce ladan 'yan gayya: in ta yi daɗi su wuni a gona, in ba ta yi ba kowa ya tuna da tasa gonar. Matar ta jiƙa dawa har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta ɗora manyan tukwane. Ta san yadda uwarta ke yi sarai. Citta da kanumfari da masoro ba sa ganin wuta. Sai an sauke giyar, ta huce, ta kwana biyu tana tashi, sannan a ƙulle su a ƙyalle mai tsabta, a jefa cikin tulu, a toshe baki, ana gobe za a sha. To amma wannan aikin shiru ne, ba mai gani, ita kuwa ta gaji da a riƙa ce mata baƙuwa. Sai ta kwashe kayan ƙamshin duka ta zuba a tukunya tana tsakiyar tafasa. Ƙamshi ya bi tururi ya tsallake danga. Mata masu zuwa rijiya suka dinga leƙowa suna cewa, “Sannu da aiki, amarya, ashe haka kike?” Ta ƙara itace. Wuni guda gari yana shaƙa, har waɗanda ba a gayyata ba suka wasa fartanyarsu.

Ranar gayya gona ta cika da mutane. Da hantsi ta kai tuluna gindin ɗorawa, aka fara miƙa wa sarkin noma ƙwarya. Ya kai hanci, bai ji komai ba. Ya kurɓa, ɗaci da yaji suka kama shi a maƙogwaro. Ya ajiye ƙwaryar a hankali ya ce, “'Yata, ai mun sha tamu da hanci tun ranar da kika ɗora tukunya. Wannan ta wa ce?” Ba a yi dariya da ƙarfi ba, da ma an yi da ya fi mata sauƙi. Kafin rana ta take wannan ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, wancan ƙugunsa ya motsa. Mijin ya sunkuya kan rabin gonar da ya rage, shi kaɗai. Ita kuwa ta riƙa ɗauko tulunan a cike tana mayarwa gida, hanya kuma ɗaya ce, ta bakin rijiya. A nan wata tsohuwa ta tambaye ta, ba da mugunta ba, “Wa ya koya miki dafa giya, 'yar nan?” Sunan uwarta ya zo mata har baki. Ta dubi ƙasa ta ce, “Ba kowa.”

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.