Ragon Alhaji Iliassou

Alhaji Iliassou ya sauka a tashar Djougou da littafin ɗansa a hammata, littafin da a bara ya ce ko ƙunshin ƙosai bai isa yi ba.

Ɗan nasa Zakari mai zane ne, yana yin littattafan hoto da ’yan lakwal, wato ’yan makaranta, ke kira bede. Jaruminsa Kapiten Ƙaho, wani farin rago mai jar alkyabba da tsagaggen kunne, wanda ke tashi sama yana tunkuyin ɓarayin shanu. Alhaji ya daɗe yana cewa ya haifi asara. Da gidan rediyo ya zo unguwarsu Albarika a Parakou neman asalin jarumin, sai asarar ta koma gado. Alhaji ya gyara hula ya sanar cewa shi ne tushen komai, domin shi ya kawo ragon gaske gida tun Zakari na ƙarami. Bai taɓa buɗe littafin ba, amma wannan ba ya hana mutum zama tushe.

Abin da ya kawo shi Djougou babba ne. Zakari na son Housseina, ’yar Labbo dillalin dabbobi, ita ma tana son shi, har yaron ya rame. Labbo ya ce ba zai ba da ’yarsa ga mai wasa da alƙalami ba sai ya san gidan da ya fito. Alhaji ya ga abu mai sauƙi. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da kayan babur na jabu a matsayin na asali, tsohon dillali ne zai gagare shi?

Labbo ya karɓe shi a zaure, da abokansa na kara, kasuwar dabbobi, zaune. Bayan gaisuwa Alhaji ya shimfiɗa littafin ya fara wa’azi. Ya ce ragon ya zo gidan ne ana gab da Layya, ya ƙi yanka shi don tausayi, bai ma bari ya leƙa waje ba saboda bakin mutane. A bayan gida yaron ya wuni yana zana shi, gashi da gashi, bai ƙara ba bai rage ba. Alkyabbar kaɗai ce ƙarya.

Labbo bai kalli alkyabbar ba. Ya jawo littafin kusa da idonsa, ya buɗe wani shafi, ya sake buɗe wani. Abokansa suka leƙa, suka dubi juna. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka fasaha ce ta ɗaure musu baki.

Sai Labbo ya tambaya a hankali wurin wa aka sayi ragon.

Nan Alhaji ya hango tarko. Ya faɗi suna, gobe wani ya fito ya ce shi ma da rabonsa a Kapiten Ƙaho. Ya daki ƙirji ya rantse a gaban kowa cewa bai saya ba, ba a ba shi kyauta ba, ba hannun kowa a ciki sai nasa.

“Na yarda, Alhaji,” in ji Labbo. “Yaronka kuma ba ya ƙarya a zane, Allah ya yi masa albarka. Maganar aure dai a bar ta.”

Ya ɗora yatsa a kan kunnen jarumin.

“Tsagar nan shaidar gidanmu ce tun kakanni. Wannan ne ragon da aka kwance mini a tashar Parakou, na ce ƙanena ne ya sace, na kore shi, ya mutu ba mu shirya ba.”