Kalmar da Malam Ya Haramta

Labulen da ke bayan Malam ya kama wuta daidai lokacin da ya ce wa budurwar, "Ni na ce ofishin nan lafiya lau yake. Ki ja da ni, cikin ladabi."

Jarrabawar ƙarshe ce. Shekara guda tana saukowa daga unguwarsu ta kan tsaunin Medellín don koyon Turancin kasuwanci, domin wanda ya ci, shi kamfanin furanni zai tura ciniki da Amurkawa. Dokar Malam ɗaya ce: duk wanda ya ce "a'a" ya faɗi. Sai ka gode, ka yaba, sannan ka lallaɓo da "amma". Sau biyu yana kayar da ita a kan kalmar nan.

"Ke, faɗa masa mana!" ƙawarta ta raɗa mata daga baya.

Ta gyara zama, ta yi murmushi.

"Na gode da wannan ra'ayi mai daraja, Malam."

Ya gyaɗa kai. Wuta ta lashi kujerarsa.

"Gaskiya ofishin ya yi kyau, ga ɗumi."

"Madalla, 'yata. Kada ki yi gaggawa."

Ba ta kuwa yi ba.

"Amma in ba za ka damu ba, kamar kwat ɗinka na ci da wuta."

Ya waiga. "A'a! A'a! A'a!"

Ta juye masa bokitin furanni a ka, ta miƙa masa takardarta da jan bironsa.

"Sa hannu, Malam. Kai sau uku ka faɗa, ni sau biyu kacal."